Amsa ga ɗan ƙanena kan bindigar gidanmu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma da na karanta sai da na yi dariya, daga baya dariyar ta koma tunani. Ka ce kun fitar da tsohuwar bindigar kakanmu daga ɗakin da ake ajiye sirdi, kun tarar kunamarta mai riƙe ƙanƙara ta saki, ƙanƙarar kanta, wato ɗan dutsen da ke fitar da tartsatsi, ta ɓace, gara ta taɓa ƙotar, kana tambaya a ina ake sayen kayan gyaranta, ko a aika Kano ne ko a nema ta intanet, kuma ko al'ada ta yarda a sauya wani abu a jikin kayan gado. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda ka ɗauka akwai shagon da za ka shiga ka faɗi lamba a miƙo maka, kamar kayan babur. Abin da ya dame ni kuwa shi ne wannan 'yar maganar da ka saƙa a ƙarshe, cewa kana so ka harba ta ranar hawan Salla.

Irin waɗannan bindigogi mafi yawansu daga Birmingham ta Ingila ko Liyej ta Beljiyam aka ƙero su, suka sauka bakin teku, fatake suka yi ta hawowa da su arewa. Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasel a 1890 ta tsaurara sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara, shi ya sa suka daɗe a hannun maharbanmu bayan sojojin Turai sun manta da su. Ka duba gindin bututun da kyau. Idan ka ga haruffan ELG cikin ɗan zagaye, ta Liyej ce. Kowace ɗaya da hannu aka goge sassanta da magagari har suka zauna da juna, saboda haka kunamar wata ba ta cika hawa kan wata ba, ko da daga gari ɗaya suka fito. Mahaifina yakan ce tamu ta ga zamanin Kaura Hasau, jarumin yaƙin Maraɗi, kuma abin da na sani tabbas shi ne tana cikin kayan da aka fara ɗauka a kai lokacin da Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon gari a 1945, aka hauro tudu. An bar randuna da turame, ita ba a bar ta ba.

Gab da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ina yaro, ƙarfen da ke tura kunamar ya karye ana cikin azumi, mahaifina ya naɗe ta cikin tsumma ya ɗora mini a kafaɗa, muka nufi maƙera. Bai tafi hannu banza ba, ya riƙe goro fari, kuma bai fara da zancen kuɗi ba. Sun gaisa, sun tambayi juna iyali da shuka, sannan ya ce ya kawo tsohuwa a duba ta. Maƙerin, wani dattijo mai ƙunar tartsatsi a hannuwa, ya sa aka daina zuga, ya kori yaran da ke zaune gaban bakin bindigar, ya zare tsinken ɗurinta ya zura ciki, ya sa babban yatsa daidai inda ya tsaya. Da ya fiddo ya gwada a bayan bututun, sai tsinken ya kasa kaiwa gindi da kusan faɗin yatsu uku. Ya ɗaga kai ya dubi mahaifina, bai ce komai ba. Mahaifina ya rantse ba a ɗura ta ba tun kafin rasuwar mahaifinsa, maƙerin ya ce ai shi marigayin ne ya ɗura. Ya zuba ruwa a ciki ya bar ta jingine, sai da la'asar ya shiga zaƙulo tsumma da gutsuren dalma da baƙin albarushi da wata ƙugiya. Ya shanya ɗan kaɗan a rana, washegari ya jefa cikin wuta don in gani, ya tashi fuu, na ja da baya har na taka zuga-zugi.

A nan na fara jin maganar da mahaifina ya yi ta maimaita mana har ya bar duniya, wai bindiga ba ta tsufa a ciki, a waje take tsufa.

Aikin ƙarfen kansa ya ci kwanaki. Maƙerin ya yanko guntu daga karyayyen sifirin mota, ya buge shi a kan uwar maƙera har ya yi siriri, ya lanƙwasa, ya gasa ya tsoma, ya sake ɗumama shi a hankali yana kallon launinsa. Na farko ya karye da aka ɗana, bai ko yi tsaki ba, ya sake wani. Sannan ya duba farantin ƙarfen da ƙanƙara ke bugu, wanda yake aikin ƙyastu, ya ce fuskarsa ta cinye shi ya sa tartsatsi ya yi ƙaranci, ya naɗe shi da garin ƙaho da ƙonanniyar fata cikin yumɓu ya gasa don ya sake tauri. Ƙanƙarar kuwa daga wani ɗan burgame ya fiddo ta, baƙa mai kusurwa huɗu, irin wadda ake fasawa a garin Brandon na Ingila ana aikowa Afirka, ya naɗe ta da guntun fata kafin ya matse ta a bakin kunama. Da ya ja, tartsatsi ya zubo cikin ɗan kaskon da ake zuba albarushin kunnawa, sai ya miƙa wa mahaifina tare da karyayyen ƙarfen na asali, ya ce a ajiye shi tare da ita, domin abin da ya fito daga jikinta nata ne. Idan ka bincika gindin akwatin sirdin, ina tsammanin za ka same shi.

Ku 'yan yanzu kuna son abu ya yi ƙyalli. Na ga wani yaro a unguwarmu ya goge takobin kakansa da injin har rubutun da ke jiki ya shafe, yana murna. Kada ka sa takardar goge ƙarfe a jikin bindigar nan. Ɗan mai da tsumma ya isa tsatsar sama, ƙotar kuma a raba ta da ƙasa da danshi. Kakarka takan ce kayan gado baƙo ne a hannun kowa, kuma wannan ba taka ba ce kai kaɗai, akwai baffanninka biyu da ke raye, akwai gwaggonka a Tasawa, ba a cire ƙusa ɗaya sai sun ji.

Batun harbi kuwa ka cire shi daga ranka. Bututun da ya haura shekara ɗari tsatsa ta ci shi ta ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma na san maharbin da ya rasa yatsu ta wannan hanya. Ban da haka, ka san halin rashin tsaro da ake ciki wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ba lokaci ba ne da saurayi zai ratsa gari da bindiga a kafaɗa yana yi wa jandarmomi bayanin tarihi. Ko maƙera za a kai ta, sai an sanar da hukuma tukuna. Idan kana son ganin yadda ake adana tsofaffin makamai, in ka je Yamai ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka tambayi ma'aikatansa.

A yanzu ka bar ta inda take, bakinta na kallon bango, kada kowa ya taɓa kunamar, kuma ka hana yara shiga ɗakin. Bayan Salla zan zo, mu zauna da baffanninka, sannan mu je gaisuwa wurin Sarkin Maƙera mu ji ko cikin jikokin wancan dattijo akwai wanda ya riƙe aikin. Ka sayi goro ka ajiye, fari, kada ka sayi ja.