Kunnen da ke waiwaye bai motsa ba

Tambaya: Malam, na ji an ce jirgin ƙarƙashin teku yana gane inda ƙara ta fito, alhali na'urorin sauraronsa a kafe suke. Ta yaya abin da ba ya juyawa zai fuskanci gabas ko yamma? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tana jikinka. In an kira ka ta dama, kunnen dama ke riga na hagu ji, ƙwaƙwalwa ta auna ɗan jinkirin. A ruwa ma haka ne, sai dai kunnuwan da yawa ne, a jere kamar carbi. Haidirofon ake ce musu, makirufon ruwa ke nan.

Bari mu yi lissafi, don a nan daɗin yake. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin teku. Wanda ke kaɗawa sau 1,500 a daƙiƙa, tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin kaɗawa ɗaya da ta bayanta, mita 1 ne. Jera kunnuwan da tazarar rabin mita. In ƙarar ta taho a karkace da digiri 30 daga saitin da jerin ke fuskanta, sai ta ƙara tafiyar santimita 25 daga wannan kunne zuwa na kusa da shi, wato rubu'in zango. Sai da'irar lantarki ta ja wa kowane saƙo baya daidai gwargwadon rigayen da ya yi, sannan a haɗa su. Abin da ya fito daga wancan ɓangare ya taru ya yi ƙarfi, na sauran wurare su ci karo su raunana juna. Ka sauya jinkirin, kunnen ya koma wani gefe, ko ƙusa ba a kwance ba.

Amma fa in da kason zango aka auna jinkirin, kamar rubu'in nan, wato dabarar jirkita zango, ga sauti mai saurin kaɗawa iri ɗaya take cika aiki. Hayaniyar farfela da inji kuwa gauraye ce, shi ya sa na fi yarda da jinkirin lokaci na zahiri, wanda kwamfuta ke yi yanzu. Tazarar kunnuwan kuma in ta wuce rabin zango, na'urar kan nuna ƙara a inda babu ita.

Akwai wata mai ban dariya: jeri miƙaƙƙe, irin wanda jirgi ke ja a bayansa, ba ya bambance dama da hagu. Dole matuƙi ya ɗan karkata jirgin, a sake saurare.