Tambaya da Amsa: Wa ke da ikon tsawatar wa masu sako ƙazanta a kwata?

Tambaya: Assalamu alaikum. A layinmu akwai wata ƙaramar masana'anta da take sako baƙin ruwa mai ɗoyi cikin kwata da daddare, wasu maƙwabta kuma sun jona bututun shaddarsu da kwatar. Shin doka ta yarda da haka, kuma ina za mu kai kuka? Daga wata mai karatu a Gama, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Doka ba ta yarda ba. An gina kwata ne domin ruwan sama, kuma duk abin da aka zuba mata a ɓangarenku ƙarshensa Kogin Jakara, wanda Rafin Getsi yake ƙara masa dagwalon masana'antun Bompai kafin ya gangara Dam ɗin Wasai a Minjibir. Da wannan ruwa manoman rani suke bayin latas da kabeji da alayyahu, kayan lambun da ake yankawa a gidajenmu, wani ma ɗanye ake cinsa. Haka dagwalon masana'antun Sharada yake bin Rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan kamfanonin fata, domin sinadarin kuromiyam da ake jima da shi ba ya ruɓewa, zama yake yi a cikin ƙasa shekara da shekaru.

Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009 da suka wajabta wa masana'antu, har da na fata da na saƙa, su tace ruwansu kafin su sake shi, kuma kada gubarsa ta haura ma'aunin da aka ƙayyade. Sako ruwa da tsakar dare kuwa sau da yawa alama ce ta cewa mai yi ya san bai cika wannan sharaɗi ba.

Batun shadda aikin duba-gari ne, amma ku fara da mai unguwa, saboda haƙƙin maƙwabtaka. Na masana'antar kuma, ku ɗauki hoton bakin bututun daidai inda yake zuba a kwata, ku rubuta ranar da lokacin da launin ruwan, magidantan layin su sa hannu, sannan ku miƙa takardar ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da ofishin NESREA. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin da shi za ku bi kadin maganar idan aka yi shiru.