Tambaya da Amsa: Yara sun matsa sai mun zaga dajin Baha da ƙafa, zan iya kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni direba ne a nan Jidda, shekarata 46. Yaran da muke gida ɗaya sun matsa min lamba sai mun je garin Baha da ke kudu maso yammacin Saudiyya a hutun nan, wai akwai wata hanyar ƙafa cikin daji ta wajen Ragadan da ake zagayawa a dawo inda aka fara, a wayarsu ta nuna kilomita 7 kuma wai matsakaiciya ce. Ni dai ɗawafi da sa'ayi ba sa ba ni wahala, amma ina da ɗan hawan jini kuma rabona da doguwar tafiya a ƙasa tun ina gida. Zan iya? Me zan riƙe?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Za ka iya in sha Allahu, amma don Allah kar ka auna da sa'ayi. Safa da Marwa sau bakwai kilomita 3 ne da 'yar ɗoriya, a kan tayil sumul, ga sanyin AC ga zamzam duk inda ka juya. Baha kuwa tana kan duwatsun Sarawat ne, sama da mita 2,000 daga matakin teku, kai kuma a bakin teku kake kwana kake tashi. A can sama iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa za ka ga ƙato ya yi ɗan hawa kaɗan ya tsaya yana haki yana riƙe gwiwa, shi kansa yana mamakin kansa.

To abin da za ka sa yaran nan su duba maka a wayar shi ne hawan da ke cikin hanyar mita nawa ne, don su kilomita kawai suke kallo. Akwai wani lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo tun 1892 kuma har yau da shi ake aiki: kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan kowane hawan mita 600 a ƙara wata awa. Ka ga in hanyarku kilomita 7 ce da hawan mita 300, kusan awa biyu ke nan ga saurayi mai jini a jika wanda ba ya tsayawa, ku da za ku tsaya hoto, ku tsaya shayi, ku tsaya sallah, kai kuma ka tsaya numfashi, ku sa awa uku zuwa huɗu a ranku.

Hanyar zagaye tana da wata yaudara da nake so ka sani tun yanzu. Da gajiya ta fara sai wani cikin yaran ya ce Baba mu ƙarasa kawai ai saura kaɗan, alhali ko rabi ba ku yi ba, kuma babu wanda ke son ya zama shi ne ya ce a juya. Kai ne babba, tun a wajen mota ka yanke lokaci, ka ce ƙarfe kaza in ba mu kai rabi ba ta inda muka zo za mu koma, magana ta ƙare. In akwai zaɓi ku fara da ɓangaren da hawansa ya fi tsanani ku hau shi da sauran ƙarfinku, gangara mai tsanani da ƙafa a gajiye ita ke cin gwiwa kuma a nan aka fi zamewa. Ku fita da sassafe, don yankin nan da rana ta karkata gajimare kan taso daga Tihama, wato filin da ke ƙasan duwatsun ta wajen teku, ya rufe wuri ruf har ba ka ganin wanda ke gabanka, ga shi gefen dutsen kwazazzabo ne mai zurfin gaske, saboda haka ba a barin hanya a ce za a yanke ta cikin itatuwan ar'ar. Taswirar ma a sauke ta cikin waya tun daga masauki, sabis yana ɗaukewa.

Kaya kuma ba wani abu mai yawa ba ne. Kambas mai kama ƙasa wanda ka riga ka saba da shi, silifas a bar shi a mota. Wando da riga sun fi jallabiya. Ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne, zafi yana raguwa da wajen digiri 6 a kowane mita 1,000. Ruwa lita 2 kowane mutum, dabino, maganinka, igamarka (katin izinin zama), da waya cike da caji.

Maganar hawan jini, in ba a daidaice yake ba ka ga likita kafin tafiyar. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka a hanya ka zauna, kar ka yi ta maza, motar asibiti 997 ce, jami'an ceto 998. Sannan na san halinmu, tunda kai ne direba kai za su ɗora wa tuƙin ta Ɗa'ifa cikin dare a iso da asuba a faɗa daji. Kar ka yarda. Ku kwana a Baha tukuna, jiki ya huta ya ɗan saba da wurin.

Tambaya: Malam ni daga Makka, ina so in kai yarana uku shan iska Hada ko Shafa, a kan duwatsun wajen Ɗa'ifa, amma birran da ke wurin nake tsoro, ƙaramin shekararsa 4.

Amsa: Hajiya tsoronki yana kan hanya, gwaggon biri ne ba ɗan birin wasa ba, kuma mutane ne suka lalata su da jefa musu abinci daga mota har suka daina jin tsoron kowa. Yanzu an hana ba su abinci, akwai tara. Kar yaro ya riƙe leda ko biskit a hannu a fili, da sun ji ƙarar leda sun taho, ki sa komai cikin jaka mai zif kuma gilashin mota a rufe. In ɗaya ya matso kar a yi ihu a ruga, kar a zuba masa ido, a ja da baya a hankali, in ya fizge abu a bar masa. In tsautsayi ya sa ya ciji yaro ko ya yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15 sannan a wuce asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Da ɗan shekara 4 ki tsaya a wuraren shaƙatawa da aka gyara masu dakali da shinge, dogon zagaye sai ya ƙara girma. In za ku dafa shayi ku je da ɗan gas ɗinku ku kunna a inda aka ware, hura wuta cikin daji da saran icce duk laifi ne kuma jami'an tsaron muhalli suna zagayawa.