Shin layin fitilun gida ma yana buƙatar diferansiyel?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Garwa. Mai haɗa mini wuta ya sa diferansiyel, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta zubo, a layin soket kaɗai, ya ce fitilu ba sa buƙata tunda suna can sama, babu mai taɓa su. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a ginin. Amma mai aikinka ya yi kuskure, kuma ina roƙonka a gyara kafin iyali su tare.

Ka'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin wuta a nan suka fi bi, ta wajabta diferansiyel mai miliyamfiya 30 (miliyamfiya dubu ne amfiya ɗaya) a kan kowane layi na gida, har da na fitilu. Dalilin yana cikin lokaci. A tsarin TT, inda gida ke da tasa sandar da aka kafa a ƙasa, idan wuta ta zubo jikin ƙarfe dole ta yanke cikin sakan 0.2. 

To, ƙaramin disjonkta na amfiya 10 ko 16, mai yanke wuta in kaya sun yi wa layi yawa, ba zai iya wannan aiki a TT ba. Mu ɗauka sandarka tana da om 50, wato ma'aunin yadda take tare wa wuta hanya. Raba bolt 220 da 50, za ka samu amfiya 4 da ɗan kai. Disjonktan zai ɗauka kaya ne kawai ake amfani da su, ya bar wutar tana zuba kwana da kwanaki. Ga shi da rani, in ƙasar Garwa ta bushe ƙamas, om ɗin sandar ƙaruwa yake yi. Babban disjonktan da ke kusa da mita kuwa yawanci sai zubar ta kai miliyamfiya 500 yake faɗuwa, alhali abin da bai kai haka ba ma yana iya rikita bugun zuciya.

Batun babu mai taɓawa shi ya fi damuna. Na taɓa zuwa wani gida da damina, rufin kwano yana yoyo, ruwa ya taru a cikin makarin ƙwan fitila har ya yi tsatsa. Yaron gidan ne ke hawa kan bokitin ƙarfe, ƙafa ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti, ya sauya ƙwan. Fankar silin ma a kan wannan layin take, jikinta duk ƙarfe. Jiƙaƙƙen mutum zai iya jan miliyamfiya 150 ko fiye, kuma a nan diferansiyel na 30 yana yankewa cikin sakan 0.04.

Ka ce wa mai aikinka ya ja wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, zuwa kowace fitila, da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, fitilu kada su wuce 8 a layi ɗaya. A sa diferansiyel biyu a raba fitilun tsakaninsu, don in ɗaya ya faɗi da dare kada gida ya yi duhu gaba ɗaya. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa mai harafin T. Ka riƙa danna shi wata-wata. In wuta ba ta ɗauke nan take ba, a sauya shi.