Waya Ta Sauƙaƙa Aiki, To Me Ya Sa Muka Fi Gajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani. Da can in na tashi daga ofis, shi ke nan sai gobe. Yanzu an saka mu a guruf ɗin WhatsApp na ofis, imel ma ta waya yake shigowa. Ƙarfe goman dare oga zai turo saƙo, in ban amsa ba washegari a ga kamar na yi sakaci. Yarana har sun fara cewa kullum idona na kan waya. An ce fasahar zamani sauƙi ta kawo, to me ya sa na fi gajiya? Laifina ne, ko haka abin yake ga kowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Abin da kike kuka da shi yana cikin manyan canje-canjen da fasahar sadarwa ta kawo wa ma'aikata ko'ina a duniya.

Kafin zuwan waɗannan na'urori, aiki yana da wurinsa da lokacinsa. Fayil yana cikin kabad a ofis, tarho yana kan tebur, in an kulle ƙofa sai kowa ya tafi da kansa kawai. Shugaba ba ya neman ma'aikaci da dare, ba don tausayi ba, sai don nemansa wahala ne. Wannan wahalar ita ke kare miki hutunki ba tare da kin sani ba. Da iPhone ta fito a 2007, WhatsApp ya biyo baya a 2009, sai ofis ya koma cikin jakarki. Annobar korona ta 2020 kuma ta ƙarasa abin, domin miliyoyin mutane sun yi aiki daga gida, kamfanoni suka saba da samun ma'aikaci a kowane lokaci, sabon nan kuwa bai tafi tare da annobar ba.

Sauƙin da ake faɗa gaskiya ne, amma ki duba inda yake zuwa. Lissafin da ake kwana uku ana tattarawa a littafi, yau kwamfuta kan gama shi kafin la'asar. Sauran kwana biyun ba a ce ki je ki huta ba, sai aka ƙaro rahoto na biyu da na uku. Haka amsa saƙo. Lokacin wasiƙa ba mai jin haushi in amsa ta yi mako, tunda kowa ya san tafiya take. Yanzu saƙo na isa nan take, sai ake ganin amsa ma nan take ya kamata ta dawo. A 2014 WhatsApp ya ƙara alamar nan mai shuɗi da ke nuna an karanta saƙo. Ƙaramin abu ne a ido, amma ya sauya ma'anar shiru. Da can shirunki na nufin ba ki gani ba, yanzu ana iya ɗaukarsa a matsayin kin gani kin ƙi.

Nan ne asalin gajiyar take, kuma nan nake so ki tsaya ki lura. Kina zaune da ɗanki yana miki karatu, waya ta yi ƙara. Kin ɗaga, kin karanta layi biyu, kin kife ta ba ki amsa ba. A lissafin ofis ba ki yi aikin komai ba. Amma yaron na magana, ke kuma zuciyarki na can tana tsara amsa, tana tuna a wace takarda adadin yake, tana auna ko oga zai ji haushi. Minti biyu aka ci a waya, daren gaba ɗaya ya tafi. Zaman jiran kira ba hutu ba ne, shi ya sa a ayyuka irin na likitoci ake ware shi a ƙirga shi daban. Ke kuwa kina wannan zaman kowane dare, ba a rubuta ba, ba a biya ba. Yaranki ba ƙorafin banza suke ba, sun ga jikinki yana gida hankalinki na ofis.

Batun ya shafi lafiya ma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Awannin da ake ci ta waya bayan tashi suna cikin lissafin da jiki ke yi, ko da ofis bai ƙirga ba.

Ba na ce ki yar da wayar ba. Wannan fasahar ce ta ba mai jego da mai naƙasa da mazaunin nesa damar yin aikin da a da ya fi ƙarfinsu. Abin da ya ɓace iyaka ce, iyaka kuwa mutane ke shata ta. Awa takwas ɗin da muka saba ma sai da ma'aikata suka yi gwagwarmaya a kai, har yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919 ta tsayar da awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. Yanzu ma an fara sake shatawa. A 2011 kamfanin Volkswagen na Jamus ya daina tura imel zuwa wayoyin wasu ma'aikatansa bayan tashi. Tun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan aiki. Fotugal ta hana shugabanni neman ma'aikaci a lokacin hutunsa a 2021, sai da larura. Ostireliya kuma ta ba ma'aikaci damar ƙin amsawa daga 2024, muddin ƙin yana da hujja. Dokokin ba su gama magance matsalar ba, amma sun yarda cewa ba raunin mutum ɗaya ba ne.

Saboda haka kada ki ɗauki abin ke kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in kika daina amsawa alhali abokan aikinki na amsawa, ke za a ga ragguwa. Ki fara jin ta bakinsu, za ki tarar da yawa suna cikin halinki. Sannan ku sami oga da rana, cikin girmamawa, ku tambaye shi wane irin abu ne ba ya iya jiran safiya. Ku ba da shawarar in gaggawa ce ta gaske a kira, saƙo kuwa a amsa shi da safe. Shugabanni da yawa suna turo saƙon dare ne don a lokacin suka tuna, ba don suna jiran amsa ba. Irin waɗannan ya isa a nuna musu cewa Gmail da Outlook suna da tsarin rubuta imel yanzu a saita shi ya tafi da safe.

In an amince, ki rufe ƙarar guruf ɗin ofis, ki ajiye wayar a wani ɗaki daga lokacin da kika tsayar. Ki sani kashe alamar karantawa ba ya aiki a cikin guruf, don haka rashin buɗewa ya fi. In kuma aka ƙi, ki riƙa rubuta rana da lokacin kowane aikin dare, ki duba abin da takardar ɗaukarki aiki ta ce kan awanni da kuɗin ƙarin lokaci, sannan ki kai maganar ga sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyarku da hujja a hannu.