Mama, daga riba ake fitar da zakka, ba daga jari ba

Wata mama mai sayar da shinkafa da man gyaɗa da magi a Tsohuwar Kasuwa nan Sakkwato ta turo min saƙo daren jiya. Tace duk sati tana cinikin kamar dubu 200, ranar Lahadi ta ware dubu 20 ta kai coci a matsayin zakka, wato ɗaya bisa goma, amma shekara biyu kenan kaya sai raguwa suke a shago har ta fara karɓar buhu bashi wajen dila. Tana tsoron in ta rage ta zama cikin masu yi wa Allah ƙwace da Malakai sura 3 ke magana.

Toh Mama sannu da ƙoƙari. Ni dai ba fasto bane, lissafi na sani, kuma lissafinki ne ya kwana.

Wannan dubu 200 ɗin ba duka naki bane. A ce kayan da kika sayar kin saro su dubu 175, ki sa kuɗin keke napep da ɗan dako da leda da cajin POS da abin da ya kama na hayar shago, a ce dubu 5. Me ya rage? Dubu 20. Kinga kenan ribar sati gaba ɗaya kike ɗauka ki kai, sannan cefane da kuɗin makarantar yara da magani duk daga cikin jari suke fita baki sani ba, to yaya kaya ba zasu ragu ba? A Maimaitawar Shari'a 14:22 ɗaya bisa goma na amfanin da gona ta bayar aka ce, gonar kanta ba'a yanko ta. Ke jarinki shine gonarki. A wannan lissafin zakkarki dubu 2 ce, in kina so ki ƙara baiko a kai da farin ciki ba mai hana ki. Ki rubuta lissafin nan a littafi ki zauna da fastonku ki nuna mai, nasan wasu suna koyar da shi daban amma ki bari ya ga lambobin da idonsa.

Wato dole a samu littafi kenan. Na ɗari biyu ma ya isa, ki rubuta abin da kika saro, abin da kika sayar, da wanda kika ɗiba kika kai gida ko mudu ɗaya ne, don wannan mudun da kowa ke rainawa shi ke cinye shago. Ki yanka wa kanki albashi duk Asabar, in ya ƙare ya ƙare, hannu kar ya koma lalita.

Sai maganar 'yan'uwa a coci masu "Mama bani zan kawo ƙarshen wata". Bashi hanji ne yana cikin kowa, na yarda, amma kunyar tambayar wadda kuke zama benci ɗaya da ita ranar Lahadi ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin da kika san zaki iya yafewa ki bayar kyauta daga albashinki, sauran kice kayan na dila ne, ai ba ƙarya kika yi ba.

Disamba kuma tana nan tafe da ankon Zumuntar Mata da kazar Kirsimeti da kuɗin motar zuwa gida. Yusufu a Masar ɗaya bisa biyar ya tara a shekarun ƙoshi, ke ko dubu 2 kike zubawa a adashi duk sati daga yanzu kin rage zafi. Amma kwasan farko ki kai wa dilan nan tukuna, kafin ya fara aiko yaro shago. Bayan sati huɗu ki turo min hoton littafin mu duba tare.