Yarana sun haddace nahawun Faransanci, amma baki ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Faransanci ne a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Sakkwato. Yara 70 ne a ajina, darasi kuma minti 40. In na ce su jero aikatau être (zama) da avoir (mallaka) sai su rero shi kamar karatun allo. Amma kwanan baya wani direba mutumin Birnin Ƙonni ta Nijar ya tambayi ɗaya daga cikinsu sunansa da Faransanci, yaro ya sunkuyar da kai, shekararsa uku a hannuna. Abokin aikina ya ce in haramta Hausa a aji, duk wanda ya yi ta in ci shi tara. Wannan ce mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar tara tukuna, mu fara da lissafi.

Cikin minti 40 ɗin nan, a ce kai ka ci 30 wajen bayani da rubutu a allo, abin da akasarinmu muke yi ke nan. Saura minti 10. Raba su ga yara 70, kowa bai kai daƙiƙa 9 ba. Kuma ka fi ni sani, ba a raba su daidai: yara biyar ko shida na layin gaba su ke cinye su. To yaron da ya sunkuyar da kai, mai yiwuwa ne bai taɓa faɗa wa wani mahaluƙi sunansa da Faransanci ba a shekara ukun nan. Ya dai san yadda ake faɗa. Ba laifin Hausa ba ne.

Mu nan mun gaji wata hanya mai ƙarfi, ta zaure: malam ya ja baƙi da Larabci, ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, ɗalibi ya bi. Hanyar ta fitar da malaman da suka cika ƙasar nan da rubuce-rubuce tun zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u, don haka ba abar rainawa ba ce. Sai dai an gina ta ne don fahimtar littafi. Kai kuwa abin da kake nema shi ne yaro ya amsa wa direba. Ko a Kanada an ga irin wannan. Wata mai bincike, Merrill Swain, ta bibiyi yaran da aka koyar da su darussa da Faransanci zalla na tsawon shekaru, ta tarar suna ji sosai amma maganarsu da rubutunsu da saura, a 1985 ta kafa hujjar cewa ji kaɗai bai isa ba, sai an tilasta wa baki ya yi aiki. Ka ga su ma ba harshen gida ne ya tare musu hanya ba.

Saboda haka gobe ka gwada wannan. Haɗa su bibbiyu, kowa da na kusa da shi, ba sai an ja benci ba. Zuba kaya a tebur: albasa, sabulu, ledar sukari, ɗan kwalin ashana. Kai da yaro guda ku yi cinikin a gabansu sau biyu. C'est combien? Deux cents francs. C'est trop cher! Sannan ka sake su minti 5, ɗaya mai kanti ɗaya mai saye, su musanya. A wannan minti 5 kowane yaro ya sami minti biyu da rabi, ya ninka daƙiƙa 9 ɗin nan fiye da sau goma sha biyar. Aji zai ɗauki hayaniya kamar kasuwar Illela, shi ya sa yana da kyau ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri, kada ya leƙo ya zaci rikici ne. Wasu za su zame su koma Hausa. Bar su, ka dai zagaya, inda ka tsaya za su dawo hanya. Mako biyu uku za ka ga masu zamewar sun ragu.

Abin da ake maimaitawa kullum kuwa, gaisuwa, kiran suna, neman izinin fita, tashi da zama, mayar da shi Faransanci tsantsa daga yau. Levez-vous, ka miƙe. Ouvrez le livre, ka buɗe naka. Jiki ya fi kunne saurin kamawa, a kan haka wani masani, James Asher, ya gina tasa hanyar koyar da harshe tun shekarun 1960.

Hausa kuma, ni dai ban ga dalilin korar ta ba, don ta fi Turanci kusa da Faransanci a wurare da dama. Yaron da yake cewa rana ta faɗi, wata ya fito, ya riga ya san kalma tana da jinsi, abin da Baturen Ingila ke wahala kafin ya gane. Abin da za ka nuna masa kawai shi ne Faransawa sun juya: le soleil namiji ne, la lune mace. Bambancin tu da vous ma, tuna masa yadda yake ce wa kakansa "ku". Minti ɗaya ya isa, da Faransanci zalla kuwa sai ka kwashe rabin darasi kana nuni da hannu. Ka kawo musu Hausar maƙwabta: lakwal, mushe, kamyo, su gano école da monsieur da camion da kansu. Tara fa? Tsoro take sayowa, kuma mai tsoro shiru yake yi. In ka ci tarar Hausa za ka sami aji mai tsit, ba ajin Faransanci ba.

Wurin da Hausa ke jawo tuntuɓe shi ne furuci. Ba mu raba p da f, kuma v takan koma b, sai yaro ya ce bous maimakon vous, ko pain da faim su zame masa abu guda, burodi da yunwa. Wannan a ba shi minti biyu a kowane darasi. Sa su lura da leɓɓansu, in p ta fita daidai leɓɓa sun haɗe sun fashe, in f ce haƙori na kan leɓe.

Gyaran kuskure ma da lokacinsa. Suna tsakiyar ciniki kada ka katse, rubuta kurakurai uku da ka fi ji, a gyara tare a allo ba tare da kiran suna ba. In kuma tambaya ka yi, ja bakinka. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna a azuzuwan Amurka a farkon shekarun 1970, ta tarar malami yakan jira kusan daƙiƙa 1 kacal kafin ya ba da amsa da kansa ko ya nuna wani, kuma da aka kai jiran daƙiƙa 3 sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Wannan a harshen da yaran suka iya ke nan, balle baƙo.

Na san jarrabawa a rubuce take zuwa, ban ce ka zubar da être da avoir ba. Sauya musu wuri za ka yi, su zo a minti 10 na ƙarshe, bayan yara sun yi amfani da su. Kuma ka riƙa dawo da tsohon darasi bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata, don abin da aka bari sau ɗaya gudu yake yi.

Direban nan kuwa, in yana shigowa gari, roƙe shi minti 15 wata ranar. Yara su shirya tambayoyi biyar tun daren jiya: sunansa, garinsu, me ya ɗauko, kwana nawa zai yi, 'ya'yansa nawa. Wanda ya sunkuyar da kan nan, shi za ka ba tambayar farko.